Ƙofar mashayar masu neman jinsi: wa ake bari, wa ake mayarwa?

Mai Gadin Dare, Manchesta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin sikiriti da lasisin SIA, hukumar Birtaniya mai ba masu gadi lasisi, kuma kamfanin da ke rarraba mu ya jefa ni ƙofar wata mashaya a wajen Canal Street, unguwar da aka sani da wuraren masu neman jinsi. Maganar halaccin tsayuwa a ƙofar gidan giya na riga na kai ta gaban malamina, ba ita na kawo nan ba. Abin da ya dame ni umarnin manaja ne. Wai daren Juma'a da Asabar in na ga gungun samari ko ƙawayen amarya, na kuma lura ba nasu ba ne, in ce musu yau na 'yan gida ne kawai. A kwas ɗin da muka yi kafin a ba mu lasisi an nanata mana cewa dokar daidaito ta 2010 ta hana a mayar da mutum saboda jinsin da yake nema, kuma kariyar ta haɗa har da namijin da mace yake so. In aka kai ƙara, fuskata ce a kyamara, ba ta manaja ba. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan ƙofa, ko aka taɓa mayar da shi daga ita, don Allah ya faɗa mana yadda ta kasance.

Baban Soho, Landan

Wa alaikumus salam ƙanena. A wannan aikin furfura ta fito min, kuma mafi yawansa a Soho na yi shi, unguwar irin waɗannan wurare a Landan.

Kada “ai ku ba 'yan nan ba ne” ta taɓa fita daga bakinka. Kana da hujjojin da doka ta yarda da su, kuma sun ishe ka: mutum ya bugu, ba shi da katin shaidar shekaru, sun yi yawa a gungu ɗaya, wuri ya cika, ko ka ga take-taken faɗa. Dokar lasisi ta 2003 ma laifi ta mai da sayar wa wanda ya riga ya bugu giya. Amma hujjar ta zama gaskiya. In ka ce wuri ya cika sannan ka buɗe wa na bayansu igiya a gabansu, kai ka kai kanka.

Ni abin da nake yi, ina tsayar da su in tambaye su cikin natsuwa, “Kun san wane irin wuri ne nan?” Daga nan sai in zuba ido. Wani zai ce eh, abokina na raka, ya wuce abinsa. Wani gungun kuwa sai su kwashe da dariya, wannan ya zunguri wancan, wani ya kama ɗuwawunsa wai yana karewa. Waɗannan na ga halinsu da idona, kuma a kan halin nake mayar da su, in rubuta a littafin ƙofa da lokaci da dalili.

Kada kuma ka ɗauka tsoron manajanka na banza ne. Yadda rigimar ke tashi kusan iri ɗaya ce kullum. Mata na zuwa saboda a nan ba mai takura musu, samari su biyo matan, can cikin dare wani namiji ya kalli ɗaya daga cikin samarin ko ya yi masa magana, sai naushi. Na sha fitar da mai zubar da jini wanda laifinsa kawai ya ce wa wani sannu a cikin gidan da aka gina don irinsa. Tsofaffin ma'aikatan titin Old Compton na Soho kuma har gobe ba su manta da 30 ga Afrilun 1999 ba, ranar da bam mai ƙusoshi ya tashi a mashayar Admiral Duncan ya kashe mutum 3. Wanda ya dasa shi, shi ne ya dasa na Brixton don baƙar fata da na Brick Lane don 'yan Bangaladash a makonni biyun da suka gabata. Cikin waɗanda suka mutu akwai mace mai juna biyu da ta je tare da mijinta da abokansu. Baƙuwa ce irin wadda manajanka yake so ka mayar, shi kuwa mugun shi kaɗai ya shiga da jakarsa ba wanda ya tanka masa.

Hajiyar Melbon, Ostireliya

A nan jihar Victoria an taɓa ba da wannan izinin a hukumance. A watan Mayun 2007 kotun sauraron ƙorafe-ƙorafe ta jihar ta keɓe Peel Hotel da ke unguwar Collingwood daga dokar daidaito, ta ba shi damar mayar da waɗanda ba maza masu neman maza ba, har da 'yan maɗigo. Mai wurin, Tom McFeely, ya ce akwai wurare sama da 2,000 a birnin na sauran jama'a, nasa ne kaɗai aka tanada don waɗannan mazan. Kotun ta ce zuwa a riƙa kallon mutane kamar dabbobin gidan zu wulaƙanci ne.

Ni kuma an taɓa mayar da ni, a wani wurin daban. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi, akwai wani abokin aikinmu mai neman jinsi da kowane azumi yakan karɓar min aikin yamma don in sha ruwa da yarana. Da zai bar aiki ya gayyace mu bankwana. Niyyata in miƙa masa kyauta in juyo, ko lemo ban yi shirin sha ba. Mai gadi ya ƙirga mu ya ce mata sun yi yawa. Abokin namu ya fito yana roƙo, ni ina tsaye da mayafina a gefen titi, mutane na wucewa suna kallo. Ya yi min ciwo ƙwarai, shi kuma har idonsa ya kawo ruwa don kunya.

Duk da haka ban ga laifin a keɓe wuri ba. Ina zuwa ninƙaya a sa'o'in da aka ware wa mata zalla, kuma ranar da aka buɗe wa maza na daina zuwa ke nan. Ba don kowane namiji mugu ba ne, sakewa ce ba za ta yiwu ba. Sharaɗina ɗaya: kotu ta ba da izini, a rubuta a manna a ƙofa kowa ya gani tun daga nesa, ba manaja ya raɗa wa yaro a kunne ba.

Ɗalibi a Leeds

Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma ban bi ki a nan ba. Wannan “yau na 'yan gida ne kawai” na san ta sarai. An faɗa mana ita a ƙofar kulob na gama-gari, mu baƙaƙe huɗu sanye da kaya masu kyau, Turawan da ke bayanmu kuma suka shige ba a ko kalli katinsu ba. Duk ranar da aka halasta wa mai gadi ya dubi fuska ya yanke hukunci, mu ne na farkon shan wuya.

A 2013 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke wa wasu ma'aurata Kiristoci masu masauki a Cornwall hukunci saboda sun hana maza biyu ɗaki mai gado ɗaya. Ƙa'idar da ta kare waɗannan mazan ita ce ke kare ni, ita ce kuma ke kare wanda aka mayar daga Canal Street. Ba a yanka ta biyu a ɗauki rabin da ake so. Kuma akwai mafita a cikin dokar 2010 ɗin kanta: ƙungiya mai mambobi 25 ko fiye, mai ƙa'idar ɗaukar mamba, tana iya taƙaita shiga ga mutane iri ɗaya, ban da ta launin fata. Mai son wuri nasu-ya-nasu ya yi ƙungiya. In kuwa ka buɗe ƙofa kana karɓar kuɗin jama'a, to na jama'a ne.

Direban Tasi, Birmingham

Ni ba na ƙofa, amma ni nake kai su ni nake kwaso su a Hurst Street, titin irin waɗannan wurare a Birmingham. Ƙawayen amarya tun a mota za ka ji suna cewa yau sai sun ɗauki hoto da “su”. Wajen ƙarfe sha biyu kuma sai in ɗauko ainihin 'yan wurin suna komawa gida da wuri, rai a ɓace. Wani dattijo Bature ya faɗa min wata ta kama shi ta sumbace shi ba izini ƙawarta na ɗauka a waya, ya ce da shi ya yi wa mace haka da tuni yana hannun 'yan sanda. Gaskiya ya faɗa.

Sai dai masu wuraren su ma a duba su. Binciken jami'ar UCL ya nuna irin waɗannan wurare sun ragu da kashi 58 cikin ɗari a Landan tsakanin 2006 da 2017, haya ta yi tsada, masu gine-gine na saye suna rushewa. Ƙawayen amarya kwalba-kwalba suke saye. Ranar Talata da ba kowa ana maraba da kuɗinsu, ranar Asabar a ce yaro ɗan ci-rani ya tsaya ya kore su da bakinsa. Wannan bai yi min ba.

Abu Sumayya

Wai me ya kai mu tattauna yadda za a tsara gidan da addininmu ya hana? Ya nemi wani aikin kawai.

Baban Soho, Landan

Malam Abu Sumayya, yaron ya ce ya kai wannan gaban malaminsa. Mai sabon lasisi ba shi yake zaɓar inda za a tura shi ba, kuma haya ba ta jira. Yanzu dai yana ƙofar, mutane na gabansa, dole ya yi musu adalci ko su wane ne.

Ɗan'uwanku, na sakaya sunana

Na daɗe ina karantawa kafin na iya rubutu. Ni ina cikin mutanen da ake cewa don su za a rufe ƙofar. Bahaushe ne ni, a gida aka haife ni, kuma ba wanda ya sani a danginmu. Ban zo neman yardar kowa ba, abin da ya same ni kawai zan faɗa.

Ranar da na fara zuwa irin wannan wuri a Ingila, na yi ta kai-komo a titin kafin ƙafata ta yarda ta tsaya a layi. Ni kaɗai ne, baƙi, da gemu, jikina na rawa. Mai gadin ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce ko na san inda na zo. Na ce eh. Ya ce in faɗi sunan wasu wuraren da na saba zuwa. Ban san ko ɗaya ba. Ya ce yau ba zai yiwu ba. Abin da ban taɓa furta wa mahaluki ba, shi ake so in tabbatar a bakin titi a gaban layi. Da me zan tabbatar? Na juya, kuma na daɗe ban sake gwadawa ba. Baba, tambayarka tana aiki a kan masu dariya, amma a riƙa lura da wanda ya yi shiru, wataƙila tsoro ne ya kama shi.

Saboda haka dokar hana waɗanda ba masu neman jinsi ba shiga, irina za ta fara ci. Wanda ya saba, mai abokai, mai shigar da ake tsammani, zai wuce. Wanda bai faɗa wa kowa ba, ko wanda ya jawo abokin da ya amince da shi don ya raka shi, shi za a mayar.

Amma Direba ya taɓo abin da ke hana ni barci. Ni ba mutanen nake tsoro ba, wayarsu nake tsoro. Ita ƙawar amarya ta ɗora bidiyonta a TikTok ta manta, ni kuma in fuskata ta fito a bayanta, kafin asuba ta isa wayar wani a unguwarmu. Dokar da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga mai shiga harkar irin wannan kulob, amma ba kurkukun na fi ji ba. Mahaifiyata tana raye, kuma ina da ƙanne mata da ba su yi aure ba. In da za a tambaye ni, a bar kowa ya shiga, a hana ɗaukar hoto, wanda ya taɓa mutum ba izini a fitar da shi nan take, mace ce ko namiji.

Hajiyar Melbon, Ostireliya

Ɗana, na ji ka. Ba wanda zai nemi sanin ko kai wane ne a nan, wanda ma ya yi zargin ya gane ya riƙe bakinsa don Allah. Maganarka ta sa ni tunanin yadda mai gadi zai aiwatar da izinin kotun da na yaba, tunda shi ma ido kawai gare shi. Har yanzu ina ganin keɓe wuri yana da amfani, amma wannan gefen yana da nauyi.

Ɗan Kano a Kalifoniya

A nan dokar Unruh ta jihar ba ta barin ɗan kasuwa ya ware mutane a kan wannan. Abin da mashayar The Abbey ta West Hollywood ta yi a 2012 shi ne hana shagalin ƙawayen amarya, don a lokacin an haramta wa masu neman jinsi yin aure a jihar, ga wasu na zuwa yin murnar nasu a gabansu. Shagalin aka hana, ba matan ba. Bayan harin kulob ɗin masu neman jinsi na Pulse a Orlando a 2016 da aka kashe mutum 49, a wurin da na yi gadi ba wanda ya ƙara damuwa da wa kake so. Jaka muke cajewa da ƙugu, kowa da kowa.

'Yar Zinder a Berlin

Ɗan'uwa mai sakaya suna, abin da kake nema ana yin sa a nan. Na yi aikin karɓar riguna a wani kulob, kuma a wurare da yawa a Berlin tun a ƙofa ake manna wa kyamarar waya sitika, gaba da baya. Wanda aka kama ya ɓanɓare yana ɗauka, waje, ba roƙo. Masu zuwa don kallo kawai da kansu suke juyawa da sun ji ba hoto. Mai Gadin Dare, ka kai wa manajanka wannan, sitikar ba ta da tsada, ka kuma nemi ya ba ka ƙa'idar ƙofa a rubuce da sa hannunsa kafin Juma'a.