Extreme-G: gudun ne ya yi yawa, ko hanyar ce ba a gani?

Sabon_Mahayi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ra'ayin waɗanda suka daɗe suna buga wasannin tsere a kan Extreme-G, wasan baburan zamani mai zuwa da kamfanin Acclaim ya fitar wa Nintendo 64 a 1997, wanda aka ƙara cikin jerin wasannin Nintendo Switch Online a 2024. Siffar baburan ta burge ni, haka ma hanyoyin da suke murɗewa suna hawa sama suna juyewa, amma mafi yawan tseren nakan ƙare shi ne ina karo da bango hagu da dama, kuma sau da yawa ba na ganin kwana sai na riga na shige cikinta. Abin mamaki shi ne, duk da wannan karon ina iya zuwa na biyu ko na uku. Shin haka aka gina wasan, ko hannuna ne bai faɗa ba tukuna? Sannan ko ya cancanci mutum ya wahalar da kansa wajen neman na uku, wato XG3, wanda ake cewa ya fi sauran?

Tsohon_Hannu ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Hannunka zai faɗa nan gaba, amma kaso mai yawa na abin da kake kuka da shi daga wasan yake. Kamfanin Probe Entertainment na Ingila, wanda ya ƙera shi, ya so ya haɗa abubuwa uku a lokaci guda: gudu mai tsanani, hanyoyi masu ado, da makamai masu fashewa, alhali na'urar Nintendo 64 ba ta da ƙarfin ɗaukar dukkansu. Hanyar da suka bi ita ce rufe nesa da hazo da duhu domin rage abin da na'urar za ta zana, kuma duk da haka motsin hoton yakan yi nauyi idan babura suka cunkushe wuri ɗaya ana harbe-harbe.

Ga dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci. A ɗauka babur yana gudun kilomita 1,200 a awa, wato kimanin mita 333 a daƙiƙa guda. Idan allon yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto babur ɗin ya yi tafiyar ƙasa da mita 6. Idan kuwa sauyin ya sauko zuwa sau 20, tafiyar ta kusa mita 17, kuma a cikin wannan tazarar mai wasa bai ga komai ba, balle ya karkata. Kamfanin Nintendo ya fahimci haka, shi ya sa da ya fitar da F-Zero X a 1998 ya cire kusan duk wani ado daga gefen hanya, ya bar fili fayau, domin motoci 30 su yi tsere hoton yana sauyawa sau 60 ba tare da tangarɗa ba. An soki wasan da rashin kyan gani a lokacin, amma har yau ana iya tuƙa shi yadda ya kamata.

Batun zuwa na biyu duk da karo kuwa, shi ne babban aibin Extreme-G na farko a wurina. Da yake masu ƙera shi sun san ba za a riƙa ganin kwana da wuri ba, sai suka sassauta hukuncin taɓa bango, har ya zama mutum zai iya danne totur ya bar bangon ya riƙa juya masa babur. Wasan tseren da birki ba shi da wani amfani sosai a cikinsa ya rasa rabin daɗinsa.

XG3 na 2001, wanda reshen Acclaim da ke Cheltenham ya yi wa PlayStation 2 da GameCube, ya gyara wannan. Hanyoyinsa 10 ne kacal, amma faffaɗa ne, ana hango nesa, hoton yana tafiya sumul, kuma akwai birkin iska na hagu da na dama da ake kama kwana da su. Mahaya 12 ne suke fafatawa, an raba su ƙungiyoyi 6. Ana farawa da injin 250G, a haura zuwa 500G da 750G har 1000G, don haka hanyar da ka haddace da ƙaramin inji takan zama wata aba dabam idan ka dawo mata da babba. Abin da na fi yabawa shi ne yadda ƙarin gudu yake cin ƙarfin garkuwar babur: duk lokacin da ka danna shi kana rage abin da zai kare ka daga harbi, kuma sai ka bi ta wani layi a gefen hanya kafin ka sake cika ta. Amsata ita ce ya cancanci nema.

Mai_Roka ya amsa:

Ina girmama bayanin Malam Tsohon_Hannu, amma ban yarda a auna Extreme-G da ma'aunin F-Zero ba, domin ba manufa ɗaya aka yi su a kai ba. Na farkon wasan faɗa ne da ake yi a kan babura, kuma daɗinsa yana fitowa ne idan mutum huɗu suka raba allo, kowa yana tsintar roka ko nakiya a kan hanya yana jiran na gabansa ya shiga mashigi mai ƙunci. A XG3 sai ka ci tsere ka tara kuɗi kafin ka sayi makami, wanda hakan ya sa farkon wasan ya zama salam, kuma da zarar ka mallaki manyan makamai ba sauran wani abin ba-zata. Ya fi tsafta, wannan ba musu, sai dai hayaniyar da ta sa aka so na farkon ta ragu ƙwarai.

Kunnen_Inji ta amsa:

Akwai abu ɗaya da ba a ambata ba, kuma a ganina shi ne ya bambanta wannan jerin wasanni da irinsu Wipeout na 1995, inda jirage ne suke shawagi ba sa taɓa ƙasa. Idan babur ɗinka ya zarce saurin sauti, wanda a zahiri ya kai kimanin kilomita 1,235 a awa, sai a ji wata ƙara mai ƙarfi, daga nan kiɗa da rurin inji su dushe, har sai gudun ya ragu sannan su dawo. An fara wannan dabara tun a Extreme-G 2 na 1998, amma a XG3 ta fi armashi, saboda a nan ne kake ganin hanya sarai a daidai lokacin da kunnenka ya daina taimaka maka. Dabarar ba ta buƙatar wani ƙarfin na'ura, amma tana sa mai wasa ya ji gudun fiye da duk wata lamba da ke hawa a kusurwar allo.

Game da saɓanin 'yan'uwana biyu, ina ganin kowa yana magana ne a kan yanayin da yake wasa. Wanda zai zauna shi kaɗai yana son ya ƙware a kan hanya, XG3 ne nasa, ko da yake ya sani cewa hanya 10 ba ta da wuyar ƙarewa. XGRA na 2003, wanda shi ne wasan Extreme-G na ƙarshe kafin Acclaim ya durƙushe a 2004, ya ƙaro ayyukan da ake ba mahayi ya cika a tsakiyar tsere, amma a wurina sun fi raba hankali fiye da ƙara daɗi.

Sabon_Mahayi ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Ni kaɗai nake wasa mafi yawan lokaci, don haka na karkata ga XG3. Wanne ya fi dacewa in nema, na PlayStation 2 ko na GameCube?

Tsohon_Hannu ya amsa:

Hanyoyi da baburan duk ɗaya ne, saboda haka ka bi na'urar da ta fi maka sauƙin samu. Bambancin da ya kamata ka sani shi ne na GameCube yana karɓar mutum huɗu a allo ɗaya, na PlayStation 2 kuwa biyu, kuma faifan GameCube yana aiki a kan na'urar Wii ta Nintendo ƙirar farko, wadda take da mashigar abin sarrafawa na GameCube a samanta. Idan ka fara, kada ka yi gaggawar barin injin 250G kafin ka iya amfani da birkin iska, domin a 750G babu lokacin koyonsa.