Turaren da ke bakin fadamarmu: wane iri ne, kuma ta ina zan fara shuka shi?

Manomin Fadama:
Assalamu alaikum. A ƙarshen gonar mahaifinmu, inda ruwa ke kwanciya duk watan Agusta, akwai tsohuwar bishiyar turare guda ɗaya. Bara ruwa ya yi sati uku a gindinta, gwaibar da ke kusa ta bushe, ita ko gezau. Jikinta santsi ne, fari da dabbare-dabbaren toka, ɓawon yana saɓulewa da kansa. Da reshe ya karye na ga cikinsa ja. Ina so in jera irinta a kan iyaka saboda azara.

Malamin Daji:
Wa alaikumus salam. Yadda ka kwatanta, Eucalyptus camaldulensis ce. Don ka tabbatar, duba furen kafin ya buɗe, za ka ga 'yar hula mai tsini kamar bakin tsuntsu. Asalinta Ostireliya ne, a gaɓar koguna irin su Murray, kuma dajinta mafi girma shi ne Barmah-Millewa. Can ambaliya ce ke raya ta: ruwa ya janye, irin ya tsiro a danshin laka. Shi ya sa taka ba ta damu ba. Irin yankin Petford da na yankin Katherine, daga arewacin Ostireliya, su suka fi karɓar yanayinmu.

Ka tsinko 'ya'yan da suka fara yin ruwan ƙasa amma ba su buɗe ba, ka baza a faranti a inuwa. Kwana kaɗan irin zai zubo, ƙanana kamar garin yaji, gauraye da dusa. Ka barbaɗa a kan yashi mai laushi, kada ka binne, ka riƙa yayyafa ruwa a hankali don kada ya kwashe shi. Cikin sati biyu zai tsiro. In ya yi ganye huɗu ka mayar leda, in ya kai taƙi ɗaya da rabi ka dasa da farkon damina, ya kama ƙasa kafin ruwa ya cika fadamar. Ka sa ido kan gara, ita ke cinye saiwar ƙanana.

Hajiya Mai Lambu:
Ɗana, ka dai nisanta ta da shuka. Mun jera goma sha biyu gefen albasarmu, cikin shekara huɗu kunyoyin da ke kusa suka daina yin kirki, har yau abin yana ci mini rai. Kuma babbar takan yar da reshe ba iska ba komai, kada yara su saba zama ƙarƙashinta.

Malamin Daji:
Gaskiyar Hajiya ce. Amma in ka sare takan sake tofowa daga kututture, ka bar biyu masu ƙarfi ka cire sauran.

Manomin Fadama:
Allah ya saka da alheri. Zan sa su can ɓangaren kwari da ba ma nomawa. Gobe in sha Allah zan je in duba hular furen.