Sola: haske ne ko zafi? Mu tsayar da kalma

Jama'a, assalamu alaikum. Ina fassara tarihin mutanen da suka share fagen sana'ar sola, sai na ci karo da wata matsala da nake so mu warware tare. A rediyo da jaridu mun saba cewa "makamashin hasken rana". Na yi ta amfani da ita har na iso kan Augustin Mouchot, a nan ta ƙi shiga.

Mouchot malamin lissafi ne a Faransa. Shi babban aikinsa ba na lantarki ba ne. Ƙaton madubi ya ƙera mai siffar mazurari, ya kafa tukunyar ruwa a tsakiyarsa, rana ta taru a kanta har ruwan ya tafasa, tururi ya juya inji. A bikin baje koli na Faris a 1878 ya haɗa injin da na'urar sanyaya, ya fitar da ƙanƙara daga zafin rana a gaban jama'a. Da kwal ya yi araha, gwamnati ta janye masa tallafi. To, wannan aiki da zafi aka yi shi. In na rubuta "hasken rana" na yi wa mai karatu ƙarya.

Haka ma Frank Shuman, Ba'amurke, wanda a 1913 ya jera dogayen madubai masu lanƙwasa kamar kwami a Maadi kusa da Alƙahira, yana jawo ruwan Nilu zuwa gonakin auduga da tururi. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kashe aikin.

Waɗannan zuriyar zafi ke nan; ɗaya zuriyar kuwa, ta haske, daban take. Edmond Becquerel yana ɗan shekara 19, a 1839, ya lura cewa haske kaɗai na iya tayar da lantarki. Charles Fritts ya shafa wa wani sinadari mai suna siliniyam ruwan zinariya a 1883, ya samu lantarkin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na ƙarfin hasken ba. Sai 1954 Chapin da Fuller da Pearson na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka kai kashi 6 da sinadarin silikon, kuma a 1958 tauraron ɗan'adam Vanguard 1 ya tashi da irin nasu. Farantin sola da ke kan rufin ɗakinka jikan waɗannan ne. Shi zafi ma cutar da shi yake yi: in ya yi zau a watan Afrilu, wutar da yake bayarwa raguwa take.

Shawarata ke nan. Uwar kalma ta zama "makamashin rana", a cire "haske" daga cikinta. Ƙarƙashinta sai "wutar hasken rana" ga na faranti, da "aikin zafin rana" ga murhu, tukunyar dumama ruwa, na'urar busar da tumatir da injin tururi.

Malam, na ga abin da ka rubuto, cewa "sola" ta riga ta zauna, kowane mai shagon cajin waya ya san ta, don me za a wahalar da mutane. Allah ya ƙara ilimi, ban ƙi ta taka ba. Sola ta zama tamu kamar yadda batir da inbata suka zama namu, kuma "farantin sola" kalma ce mai kyau da kasuwa ta haifa, ba wani kwamiti ba. Amma a bakin mutanenmu sola na nufin faranti da batir da waya. Ka ce wa mai sayar da kayan wuta murhun madubi ma sola ne, zai tambaye ka ina batirinsa. A kasuwa a bar ta, a littafin makaranta kuwa ba ta isa ba.

Yaya, ke kuma kin kawo "ƙarfin rana". Tana da daɗin faɗa, sai dai Bahaushe in ya ce rana ta yi ƙarfi, ƙuna yake nufi. Za ta karkata ga zafi kamar yadda waccan ta karkata ga haske.

Abin da ya sa na damu da wannan rabe-raben har da Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta Nijar, daga 1969 zuwa 1985, kuma yawancin abin da suka ƙera a can na zafi ne: tukwanen dumama ruwa, murahu, na'urorin busarwa. In kalmarmu ta tsaya ga faranti, ɗan makaranta a Maraɗi ko Sakkwato zai ɗauka duk tarihin nan a Turai da Amurka aka yi shi, alhali ga nasa a gida.

Saura ɗaya da ban gama yanke wa hukunci ba: 'yan murabba'an nan shuɗaye da ake jerawa su zama faranti, wato irin abin da Fritts ya ƙera. Ni na rubuta "ƙwayar faranti". Wani ya ce "idon faranti", tunda nan ne haske ke shiga, kuma na ji ta kwanta mini. Masu harhaɗa sola da ke cikinmu, me kuke kiransu a bakin aiki?