Kashedin ido da ido ga 'yan daba: me ake bukata kafin ya yi aiki a Garwa ko Marwa?

Malam Bashiru, Garwa:
Assalamu alaikum. Idan aka soki wani a unguwa, mun san abin da ke biyowa baya: samame da dare, a cika mota da samari, bayan kwana biyu iyaye su karɓo nasu. A Boston ta Amurka an bi wata hanya a 1996, da haɗin gwiwar 'yan sanda da masu bincike irin su David Kennedy da Anthony Braga. Da suka ƙirga, sai suka tarar da ƙungiyoyin daba 61, mutum wajen 1,300, ba su kai kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, amma kusan kashi 60 na kisan matasa daga rigimarsu yake fitowa. Wake ɗaya ke ɓata gari. Aka daina kamen kan mai uwa da wabi, aka kira su gaba da gaba aka yi musu kashedi, aka kuma miƙa musu hannun taimako. Binciken da ya biyo baya ya nuna kisan matasa ya ragu da kashi 63. Masu aiki a wannan fanni, a ina zai tsaya mana a nan arewacin Kamaru?

Baba Haruna, tsohon ɗan sanda:
Wa alaikumus salam. Kafin kiran kowa, ƙidaya ce farko. A ɗauko duk kisa da sara da suka na shekara biyu ko uku, a bi su ɗaya bayan ɗaya: wa aka kashe, yaran wa ne, me ya haɗa su, ramuwar wane abu ne. Waɗanda za a zaunar su ne ƙananan jami'ai masu yawo a unguwa, don su suka san wa ke gaba da wa. In aka cika ɗakin da manya, rahoton ofis kawai za a ji. Cikas ɗinmu shi ne kwamisariya da littafinta, jandarma da nasu, kuma ba kasafai ake haɗa su ba. Rigima ɗaya sai ta rabu gida biyu, kowa ya ɗauka ƙaramin abu ne.

Ladi, ma'aikaciyar jinya, Marwa:
Baba, akwai littafi na uku, na asibiti. Yawancin masu raunin wuƙa ba sa kai ƙara. Cewa suke yi faɗuwa ce a babur, alhali yankan bai yi kama da gurjewar kwalta ba. Wasu ma a gida ake ɗinke su. Abin da asibiti zai iya bayarwa shi ne rana, lokaci, irin makami da unguwa. Suna kuwa a'a. Ranar da aka ji muna miƙa sunaye, ranar za su daina zuwa, su mutu a ɗaki. Kuma ramuwa ba ta daɗewa, kwanakin farko ne masu haɗari, don haka bayanin da ya kwana wata guda ba shi da amfani.

Alhaji Umaru, magatakardan kotu:
Ni inda nake ganin abin zai tsaya ko ya faɗi shi ne alkawari. A taron kashedin, wanda ba ya wuce mutum ashirin ko kusa da haka, ana faɗa musu magana ɗaya: ƙungiyar da ta fara kashe mutum bayan yau, hukuma za ta juyo kanta gaba ɗaya. Ku koma ku faɗa wa sauran. Ba a cewa za a hana sata da shaye-shaye da komai da komai, domin ba mai iya cikawa, kuma yaran sun fi kowa sanin haka.

A kula, juyowa kan ƙungiya ba ya nufin a ɗaure wani da laifin abokinsa. Kowa da abin da ya aikata: wannan yana da tsohon sammaci, wancan yana sayar da tramol, ɗayan babur ɗinsa ba takardu. Aikin shi ne a tanadi waɗannan fayil tun kafin taro. A High Point ta jihar Karolina ta Arewa, a 2004, haka aka yi wa dillalan ƙwaya: aka nuna musu hotunansu suna ciniki, da takardar kame da sa hannu kawai ya rage, aka ce an ajiye ta muddin sun daina.

A nan, tsarewar farko awa 48 ce a doka, sai in an sabunta. In fayil bai cika ba, mai gabatar da ƙara ba shi da abin riƙewa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai wayar babban mutum. Yaro guda ya fito da waya ɗaya bayan an yi kashedi a bainar jama'a, to gara ma ba a yi taron ba.

Malam Bashiru:
Ranka ya daɗe, to wa zai kawo su wurin taron? Can Amurka ai masu ɗaurin talala ake umarta su halarta.

Alhaji Umaru:
Sai ta hannun lawan ko jauro, da limami da iyaye. Sharaɗi kuma: ba a kama kowa a ƙofa, ko da ana nemansa.

Hajiya Asabe, mai cibiyar koyon sana'a, Ngaundere:
Kun cika maganar bulala, Alhaji. A Glasgow ta Scotland, da suka fara nasu a 2008, kowane yaro ana ba shi kati mai lambar waya ɗaya da zai kira in yana son fita. Lambar nan dole a ɗaga ta. Abin da suke fara nema ba jari ba ne: takardar haihuwa don yin katin ɗan ƙasa, wurin kwana nesa da abokan gaba, maganin barin ƙwaya, sannan maigidan da zai karɓe shi a gareji ko shagon walda. Kada a yi alkawarin aikin da babu shi. Kaɗan ne ke karɓa da farko, wannan bai zama gazawa ba.

Wanda ya fi girgiza su a taro ba kwamishina ba ne. Uwar da ta binne ɗanta ce, sai tsohon ɗan daba da ya gama zaman gidan yari. A bar su su yi magana a taƙaice, ban da zagi, ban da wa'azin awa guda.

Isiyaka, Kusiri:
Hajiya, ni tambayata a kan zargina ce, wato 'yan fashin hanya, da masu satar mutane a dajin Mayo-Rey. Su ma?

Baba Haruna:
A'a, ɗana. Hanyar tana aiki ne kan wanda ka san gidansa, kana iya kiransa, yana da abin da yake tsoron rasawa a cikin gari. Mai tsallaka iyaka zuwa Cadi ko Afirka ta Tsakiya ya fita daga wannan lissafi, balle Boko Haram. Wani abin kiyayewa: kada a bar wa 'yan banga rubuta sunaye. Rikicin fili da na neman aure za su shigo ciki. Duk sunan da zai shiga, sai majiya biyu da ba su haɗa hanya ba sun tabbatar, kuma a riƙa cire wanda ya shekara bai taɓa kowa ba. A Landan an gwada a 2015 a wasu gundumomi uku, abin bai yi nisa ba, saboda mutanen unguwa sun ɗauke shi a matsayin hukuncin gayya.

Alhaji Umaru:
Boston ɗin ma kisa ya sake hawa bayan 2000, da waɗanda suka kafa tsarin suka watse aka daina taro. Mu kuwa sauyin wurin aiki ba ya ƙarewa: kwamishina yau yana Garwa, baɗi yana Bertuwa. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, prefe, wato shugaban gunduma, da mai gabatar da ƙara da fadar lamido su sa hannu. A ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai wannan, a duba sababbin raunuka kowane mako, a maimaita taron bayan wata uku ko huɗu. A taro na biyu kuma, abin da za a fara nunawa shi ne hukuncin da kotu ta yanke wa ƙungiyar da ta karya kashedin farko.