Muhawara: Imogen Bankier ta yi kuskure da ta bar sansanin Birtaniya?

Ɗan Zariya: Jama'a, ni dai har gobe ina kan bakana. Imogen Bankier, 'yar wasan badminton ta Sikotland, ita ta yanke wa kanta hanya. A 2011 ita da Chris Adcock sun kai wasan ƙarshe na mace da namiji a gasar badminton ta duniya a zauren Wembley da ke Landan, ba wanda ya sa su a lissafi, sai Zhang Nan da Zhao Yunlei na Caina ne suka tsayar da su. Azurfar duniya fa! Shekara guda bayan nan ta tattara kayanta daga sansanin horon 'yan badminton na Birtaniya da ke Milton Keynes ta koma Sikotland. Wa ke barin rijiya mai ruwa?

'Yar Kano: Yaya, ka tsallake Olamfik ɗin Landan na 2012. A wannan zauren na Wembley suka buga wasa uku na rukuni, duka ukun aka doke su. Rijiyar ta fara ƙafewa tun kafin ta tafi. Kuma ita da bakinta ta ce yanayin sansanin da tsarin horon ba su ne za su kai ta gaba ba.

Ɗan Zariya: Ƙanwata, to shi Adcock da ya zauna fa? Ya haɗu da Gabby White, wadda ya aura, suka ci zinare a gasar ƙasashe rainon Ingila a 2014, suka ci kofin Turai a 2017 da 2018. Sansanin dai shi ne.

Malam Koci: Ku dakata. Duk wanda ya taɓa buga na mace da namiji ya san ba sansani ke cin wasa ba, abokin wasa ne. Macen tana gaba a bakin raga, raket a sama, namijin yana bayanta tana jin takunsa kawai. In ta yi shakkar daƙiƙa guda kan wa zai ɗauki ƙwallon da ta faɗo tsakiya, maki ya tafi. Na horar da yara biyu, kowannensu gwani, wata shida suna karo da raket, dole na raba su. In amana ta yi rauni, ko a gidan sarki kuke horo banza ne.

'Yar Kano: Allah ya saka, Malam. Kuma ai ba hannu rabbana ta koma ba. Ita da Robert Blair sun ci wa Sikotland tagulla a waccan gasar ta ƙasashe rainon Ingila ta 2014, a Glasgow, garin da aka haife ta, bayan sun doke 'yan Malesiya. Shi ma Blair ɗin ya taɓa buga wa Ingila, har da azurfar duniya a 2006 tare da Anthony Clark, kafin ya dawo gida.

Ɗan Zariya: Tagulla a gasar da babu Caina, babu Indonesiya, babu Denmak, babu Koriya? Haba.

Baba Alhaji: Yaro, kada ka raina. Ɗan Sikotland a Olamfik rigar Birtaniya yake sawa, a wannan gasar kuwa tasa tutar yake ɗagawa. A wurinsu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ina tare da kai a abu guda: ba ta je Rio 2016 ba, ta aje raket ba ta kai talatin ba, ta koma Paris tana kula da shagon giyar wiski na kasuwancin mahaifinta, Ian Bankier, wanda ya shugabanci kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Celtic.

Ɗan Zariya: Ka ji ko! Mai wurin komawa ba ya jure wahalar sansani.

'Yar Kano: Yaya, yanzu kuma ka sauya zance. Da ka ce kuskure ta yi, yanzu ka ce gata ne. Wanne za mu kama?

Ɗan Zariya: Duka biyun. Malam Koci, kai ka raba mu.

Malam Koci: Ni yara na jirana a fili. Sai bayan la'asar.