Maganar mutum ɗaya a Instagram ta hana 'yata sukuni

Assalamu alaikum. A Makka muke zaune, unguwar Misfala. 'Yata mai shekara 16 tana zanen lalle, har amare na biyo ta gida. Tana saka hotunan aikinta a Instagram. Ranar da fuskarta ta fito a hoto, wata ta rubuta mata da Larabci wai lallen ya fi mai shi kyau. Mutane da yawa sun yaba, amma wannan maganar kaɗai ta riƙe.

Yanzu in ta saka hoto, wayar ba ta barin hannunta; in awa ta wuce ba a yaba sosai ba, sai ta goge. Jiya na tarar da ita gaban madubi, ta juyo tana roƙona kuɗin man bilicin. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na ƙwace wayar mako biyu, ta koma aron ta ƙanwata a ɓoye. Yayanta ya ɓoye adadin masu yabawa, ya rufe wurin sharhi, cikin dare ta buɗe. Faɗan babanta kuwa kuka kawai ya ƙara.

Iyaye mata, yaya zan yi ta daina auna kanta da bakin mutanen da ba ta sani ba, ba tare da na raba ta da sana'arta ba?