Na kai Sega gyara, an dawo min da jabu

Baban Ilham: Jama'a, raina a ɓace yake wallahi. Mega Drive ɗina, na'urar gem ta kamfanin Sega, samfurin farko, mai ramin iyafis a gaba da abin ƙara murya, na kai wa wani mai gyara saboda hoto na rawa. Ya ce ba ta gyaruwa, ya musanya min da ƙaramar nan, samfuri na biyu. Na jona, na sa kaset, kiɗa ya fito a daƙushe kamar rediyo a cikin tulu. Cif ɗin sauti na YM2612 na Yamaha da ke cikin tawa shi ne ran na'urar, kuma babu wanda ya kai shi daɗin sauti a zamaninsa. An haɗa ni da jabu.

Ɗan Fagge: Yaya, cire kalmar jabu. Sega ce da kanta ta fitar da ta biyun a 1993. Cif ɗin sauti na YM3438 da ke cikin yawancinsu ma na Yamaha ne, an dai cusa shi cikin babban cif don rage kuɗin ƙira.

Baban Ilham: Abin da aka rage wa inganci don a ci riba, me sunansa?

Ɗan Fagge: Mai araha. Jabu shi ne wanda wani ya kwaikwaya ya liƙa sunan da ba nasa ba.

Malam Injiniya: Ku duka kun kauce. Laifin yana kan layin ƙara sautin da ke bayan cif ɗin, kuma ana gyara shi.

Na Maraɗi: To in dai kwaikwayo ne jabu, duk kiɗan Sega jabu ne, don FM, dabarar da cif ɗin Yamaha ke ƙirƙirar sauti da ita, kwaikwayon ganga yake. Super Nintendo, kishiyar Mega Drive, tashoshin sauti 8 gare ta, cif ɗin Sony ne na injiniya Ken Kutaragi, muryar kayan kiɗa na gaske take kunnawa. Naku 6.

Baban Ilham: Da ma'ajiyar 64KB? Matse muryar ake yi har ta shaƙe. Ka kuma manta da PSG, ƙaramin cif ɗin sauti da ke taya namu. Ƙanena, a 1990 an ma haife ka?

Na Maraɗi: Shekara ba kunne ba ce, Yaya.

Ɗan Fagge: Ka ba shi haƙuri, ba sa'anka ba ne.

Na Maraɗi: Ni aka fara yi wa gori, ni zan ba da haƙuri?

Shugaban zaure: Ya isa haka, na rufe. Abin da aka tsayar: Sega ta fi sauti, kamar yadda duk wanda ya zauna a gidan gem ya sani. Ɗan Fagge ya yi gaskiya kan jabu. Na Maraɗi bai kawo hujja ba, a bar maganar Nintendo zuwa wani lokaci.